Ɗauko Zakhele

Idan mutum ya mutu a cikin abin da ke gudu, a ina ya mutu? A kan kujerar da yake zaune, ko a daidai wurin da kujerar take lokacin da numfashinsa ya yanke? Na tambayi fastoci, na tambayi tsofaffi, har wani direban babbar mota na tambaya, wanda ya ce ya ga mutuwa iri-iri a hanya. Kowa ya ba ni amsar da ta kwantar masa da hankali. Ni har yau ban sami tawa ba.

Ƙanena Zakhele ya rasu ranar wata Litinin yana dawowa daga aiki. Wanke-wanke yake yi a wani gidan abinci a unguwar Rosebank ta Johannesburg, kuma ba ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, domin jirgin ba na irinmu ba ne, mu 'yan motar haya ne. Abin da ya sa ya shige shi ran nan, ban sani ba. Wataƙila ya ji jikinsa ba daidai ba, yana so ya iso ɗaki da wuri. 'Yan sanda sun ce mini a tashar tsakiyar gari aka same shi, likita ya ce zuciya ce. Aka wuce da gawar gida Nquthu, aka sa jana'iza safiyar Asabar.

Ranar Juma'a da safe Mama ta sauka daga bas a Johannesburg, ita da Baffa Mzikayise, ƙanen mahaifinmu. A hannun Baffa akwai reshen magaryar kura, ya naɗe gindinsa da tsumma saboda ƙaya. Ba sai an faɗa mini abin da ya kawo su ba. A wurinmu, wanda ya mutu nesa da gida ba ya bin gawarsa. Kurwarsa tana nan tsaye inda ya faɗi, sai wani na jininsa ya je da wannan reshe, ya kira shi da sunansa da kirarin gidansu, ya ce masa taso mu tafi. Daga nan mai riƙe da reshen ba ya waiwaye, ba ya yi wa kowa magana sai mamacin, yana faɗa masa kowace kwana da kowace gada har su isa a sa reshen cikin kabari. In ya kuskura ya amsa wa mai rai, to ya saki mamacin a hanya, sai a koma a sake daga farko.

Ni Mama ta so in riƙe, tunda ɗaki ɗaya muke kwana da Zakhele a Jeppe. Tun a waya na ce mata ba zan yi ba. Na girma ban iya karatu ba. Da kaina na koya, a rumfata ta gyaran takalma, daga wani Littafi Mai Tsarki da bangonsa ya cire, harafi bayan harafi tsakanin ɗinkin wannan takalmi da wancan. Wanda ya sha wahala haka kafin ya karanta layi ɗaya ba ya ɗaukar layin da wasa. Na karanta inda aka hana neman matattu, na tsaya gaban jama'ar cocinmu na yi alkawari cewa ni da wannan har abada. Zakhele kan yi mini dariya, yana kirana Bishop na bakin titi. Na ce wa Mama zan raka su, zan nuna musu hanya, zan ɗauki jakarta, amma hannuna ba zai taɓa reshen ba, bakina kuma ba zai kira wanda ya riga ya tafi ba. Ta ce to.

Na saya mata fanke da shayi a tashar bas, ta ture. Ta ce tun da ta baro gida jiya da yamma ta yi rantsuwa ba abin da zai wuce maƙogwaronta sai ɗanta ya kama hanyar gida. Mama tana da ciwon suga. Na tuna mata, ta ce ta sani, a jikinta yake, ba a nawa ba.

A bakin tashar jirgin na sayo mana kati uku. Baffa ya dube su ya ce saura ɗaya.

"Na wa, Baffa?"

"Na wanda muka zo ɗauka mana. Ko ta ƙarƙashin ƙofa kake so ya fita kamar ɓera?"

Na koma na sayo na huɗu. Na yi masa bayani cewa katin da bai shiga ba, ƙofa ba ta buɗe masa a fita, sai ya sa ni na ɗora shi a kan na'urar ƙofar shiga, ƙofar gilashin ta buɗe wa iska ta sake rufewa. Wata mata da ke bayanmu ta ja tsaki.

Baffa bai taɓa hawa matakala mai tafiya da kanta ba. Ya tsaya yana kallon yadda take haɗiye kanta, ya ce mutanen da suka haƙa rami suka sa masa harshe ba abin da ba za su iya ba. Sai da na riƙe masa gwiwar hannu. Muka gangara, muka sake gangarawa, hayaniyar titi ta mutu a samanmu. Can ƙasa sanyi ne da warin ƙarfe da na sabulun goge daɓe, da wani farin haske da ba ya nuna safe ko yamma. Mutane sanye da kwat, kowa ido a kan waya. Daga nan jirgi yake juyawa, nan ce tasha ta ƙarshe. Yakan shigo, ya zubar da mutane, ya ɗan huta, ya kwashi wasu ya koma cikin baƙin ramin da ya fito.

'Yan sanda sun ce a tasha, ba su ce ina a tashar ba. Baffa ya zagaya ya zaɓi gefen wani benci na ƙarfe, ya ce mai ciwon ƙirji wurin zama zai nema. Ya cire hularsa ya durƙusa, ya shafi daɓen da reshen a hankali. Ni na ja baya na juya fuskata ga allon da ke nuna lokacin jirage, amma kunne ba ya juyuwa. Na ji shi yana cewa, "Zakhele, ɗan Mbatha, Shandu, baffanka ne. Ga mahaifiyarka. Nan ba gidanku ba ne. Taso mu tafi."

Ya miƙe, ya kama hanyar matakala yana gunaguni ƙasa-ƙasa, Mama a bayansa, ni a bayanta da jaka. A daidai lokacin wani jirgi ya shigo, jama'a suka ɓarke. Magaryar kura ƙayarta biyu-biyu ce, ɗaya miƙe, ɗaya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ƙugiyar ta kama hannun kwat ɗin wani saurayi, ya fizga, zare ya biyo. Yaron ya juyo yana zazzaga masifa, yana tambaya ko tsohon ya ɗauka nan dajin garinsu ne, ko ya san abin da kwat ɗin ya ci. Baffa mutum ne da ko kaza ya taka sai ya ba ta haƙuri. Kafin ya tuna, bakinsa ya riga shi.

"Yi haƙuri, ɗana."

Ya tsaya cak. Mama ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, irin na wanda ya ga tulu ya kuɓuce daga kan wani. Saurayin ya wuce yana ci gaba da zagi, bai san abin da ya ɓarar ba.

Hayaniyar ce ta jawo mai gadi. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, oba-oba a rataye a ƙirjinta, an rubuta sunanta a sama da aljihu: Dikeledi. Ta fara jero mana dokoki kamar mai karanta addu'ar da ta gundure ta: ba a ci, ba a sha, ba a tauna cingam, ba a zaman banza, kuma ita dai ba ta ga inda aka rubuta a shigo da itace ba. Sai ta dubi baƙin mayafin Mama, ta sake duban reshen, muryarta ta sauka.

"Ku ne na mutumin ranar Litinin?"

Na ce mu ne. Ta tambayi inda muka kira shi, Baffa ya nuna mata bencin. Ta girgiza kai ta ce ba a nan ya faɗi ba, bai ma faɗi ba sam. Ranar tana bakin aiki. Jirgi ya shigo, kowa ya sauka, shi ya rage a zaune, kansa jingine da gilashi, hularsa ta rufe masa ido. Suka ɗauka barci ne ko abin sha. Da abokin aikinta ya taɓa kafaɗarsa sai ya zame. A Rosebank da ƙafarsa ya shiga, an gani a kyamara. Nan kuwa gawa ce ta iso.

Baffa ya tambaya, "Wane jirgin?"

"Baba, duk uwarsu ɗaya." Ta ɗaga kafaɗa. "Yau wannan, gobe wancan. Ana wanke su, ana haɗa wannan tarago da wancan. Yanzu haka wataƙila yana Pretoria, wataƙila yana gareji. Ni ƙofa nake gadi."

Ya tambaye ta ko za a bari ya taka da ƙafa cikin ramin, ya bi layin yana kira. Ta dube shi kamar ya ce zai shiga bakin zaki ya duba haƙori. Ta ce wanda ya sa ƙafa can ciki, reshe biyu za a zo da su gobe.

Mama ta juya. Ta je ta zauna a kan bencin, ta ɗora hannuwa a cinya. Da na matsa kusa, abin da ta faɗa kaɗai shi ne ba za a binne mata fanko ba. In motar Nquthu ta ƙarshe ta tashi da la'asar ba tare da Zakhele ba, to ta tashi ba tare da ita ba, su binne akwatinsu.

Haka muka shiga wani aiki da ban taɓa ganin mai kama da shi ba. Duk jirgin da ya shigo ya zubar da mutane, sai Baffa ya bi shi tarago-tarago, ya zura kai da reshe ta kowace ƙofa, ya kira sunan, ya saurara, ya matsa gaba. Wasu fasinjoji suka gane, suka cire hula ko suka sunkuyar da kai. Wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. Wani ya ce a kira wa tsohon motar asibitin mahaukata. Kafin ya kai ƙarshen jirgin, ƙararrawa ta yi kuka, ƙofofi sun rufe, jirgin ya ja jiki ya tafi da sauran taragon da bai leƙa ba. Ya dawo wurin Mama ya girgiza kai, ya koma bakin layin rawaya ya jira na gaba.

Da rana ta yi, a lissafin allo ke nan, don can ƙasa ba rana, Baffa ya ce tunda ba a cikin tarago yake ba, to a cikin ramin ya sauka, sai a bi ta kansa. Muka bar Mama a benci, ni da shi muka shiga. Jirgin ya zabura, fitilun tasha suka shuɗe, gilashi ya koma baƙi, ba abin da ake gani sai fuskokinmu. Baffa ya damƙe ƙarfen kujera. Na ga leɓensa na motsi, amma ƙarar ramin ta danne komai. Kafin ya gama jero kirarin gidanmu haske ya dawo, mun isa Rosebank. A dawowa ma haka. Da muka sauka gumi ya jiƙa masa wuyan riga duk da sanyin wurin.

Mama ta ɗago ido ta dube shi. Ya ce mata reshen ba nauyi. Ya ce ya ɗauko mutane a rayuwarsa, daga bakin mahaƙar zinariya, daga gefen titi, daga gadon asibiti, kuma kowane lokaci yakan ji a hannunsa lokacin da suka taso. Wannan karon itace kawai yake riƙe da shi. Ya ce rabonsa da Zakhele tun yaron yana kiwon awaki, muryarsa ba ta san hanyar kunnensa ba. Wanda ya firgita cikin duhu da ƙara irin wannan ba zai fito wa baƙuwar murya ba. Bai dube ni ba da yake faɗar haka. Ita ma ba ta dube ni ba.

A lokacin na lura leɓen Mama ya yi fari. Na yi mata magana, ta amsa a makare, kamar daga wani ɗaki. Dikeledi ta dawo ta ce shugabanta yana ganinmu ta kyamara tun safe, ya kira ta ya sake kira. Katinmu ya daɗe da wuce lokacin da aka yarda mutum ya zauna a ciki, kuma in ma'aikata suka taso daga ofis, wurin zai cika, dole ta fitar da mu ko ta kira waɗanda ba sa roƙo. Ta dubi Mama, ta waiga ta ga inda kyamara take, ta juya mata baya, ta zaro alawa daga aljihu ta tura cikin tafin Mama.

"Mama, ni ban ga komai ba. Ki sa a baki."

Mama ta yi mata godiya, ta kira ta 'yata, ta mayar mata da alawar cikin aljihu da hannunta.

Na ja Baffa gefe, bayan wani ginshiƙi.

"Baffa, ka ce mata ya zo."

"Bai zo ba."

"Ka shiga jirgi na gaba, ka fito, ka kama hanya kana magana. Wa zai sani? Dubi yadda ta koma. In ta faɗi a nan, gawa biyu za mu kai."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan takalmana kamar su ne suka yi maganar.

"Fasto," ya ce, "kai ka ce matattu ba sa ji. Ni na ce suna ji. Yanzu kai da ba ka yarda ba, kake aiko ni da na yarda in bar yaro a rami, in je gida in sa sandar banza a kabarinsa, ubanninmu suna kallo? Ka wanke bakinka ka ajiye wa Allahnka, nawa kake so a tsoma a kwata."

Ya koma bakin layin rawaya. Na tsaya a bayan ginshiƙin, na rasa inda zan sa fuskata.

Ni mutum ne mai juya magana a rai har ta yi laushi, kuma a wurin na juya wannan ta kowane gefe. In matattu ba sa ji, to wanda ya kira su iska ya yi wa magana, iska kuwa ba a hana kowa yi mata magana ba. Me nake tsoro? In kuma suna ji, to ƙanena tun Litinin yake cikin ramin nan jirage suna ratsa shi, ni kuma ina tsaye da jakar Mama ina kare alkawarina. Amma abin bai tsaya nan ba. In na riƙe reshen ban yarda ba, na yi wa mahaifiyata ƙarya da dukan jikina, daga nan har Nquthu, ƙaryar da ta fi wadda na roƙi Baffa ya yi. In kuma na riƙe na yarda, ko da na ƙiftawar ido ne, na karya abin da na ɗauka a gaban Allah da bakina, ba wanda ya tilasta ni. Na nemi ƙofa ta uku, na rasa. Na yi addu'a a tsaye, ban roƙi komai ba sai a nuna mini wanne ne ƙaramin zunubi. Abin da na ji kawai muryar matar nan ta lasifika tana cewa a matsa daga bakin layi.

Na koma wurin Mama na durƙusa a gabanta. Na ce mata Zakhele yana hannun wanda ya halicce shi, ba ya cikin wani rami. Na ce Allah ba ya buƙatar itace kafin ya san inda bawansa yake. Na roƙe ta ta tashi mu je mota, in ya so bayan jana'iza a nemi wani dattijo a dawo a yi duk abin da take so. Na daɗe ina magana. Na iya magana, a coci har akan ba ni dama in yi. Ta bar ni na gama.

"Velaphi," ta ce, "ban ce ka yarda ba. Da kuna yara, in magariba ta yi bai dawo da awaki ba, kai ne kake hawa kan dutse ka kira shi. Ban taɓa jin ka tsaya tambaya ko yana ji ba kafin ka kira."

Na ce wannan daban. Ta ce to.

Mutane sun fara yawa. Jirgi ya shigo, Baffa ya bi ƙofofinsa, amma yanzu ƙafarsa ba ta ɗaukarsa, ƙofa kaɗan ya leƙa ya dawo ya zube a kan bencin, ya ajiye reshen a tsakaninsa da Mama. Ya ce ya gaza. Ya faɗa ne ba tare da ya ɓoye fuska ba, kuma ban taɓa jin namijin gidanmu ya faɗi wannan kalma a gaban mace ba. Oba-obar Dikeledi ta yi ƙara, ta amsa da cewa tana kan yi, tana kan yi.

Ina kallon allo ina lissafin ko za mu riski mota, shi ya sa ban ga lokacin da Mama ta tashi ba. Da na juyo, ta riga ta yi nisa. Ta ɗauki reshen, ba ta tsumman ba, ta tsakiyar ƙayar ta damƙe shi, tana tafiya tana layi kamar mai jiri, ta nufi ƙarshen dandamalin inda bango ya ƙare ramin ya fara. Akwai wata 'yar ƙofar ƙarfe a wurin da jan rubutu, da matakala da ke sauka kan layi. Iskar da ke riga jirgi isowa ta fara busowa daga ramin, tana kaɗa mata mayafi.

Dikeledi ta riga ni. Ta rungume ta ta baya daidai lokacin da hannunta ya kai ga ƙofar, suka zube tare a ƙasa. Jirgin ya fito daga duhu da fitilunsa, ya wuce ta gefensu yana huci. Da na iso, Mama ba ta kuka, ba ta kokawa. Tana kwance a jikin matar, idonta a kan bakin ramin, tana kiran sunansa da wata murya da ko ni da ke durƙushe a kanta da kyar nake ji. Jini yana bin tsintsiyar hannunta yana shiga hannun riga.

Dikeledi tana haki. Ta ɗago ta dube ni, hularta ta karkace.

"Bhuti, ɗan'uwana, ni ban san abin da ke tsakaninka da Allahnka ba, ba kuma aikina ba ne. Amma in na sake ta, can za ta koma. In na kira 'yan sanda, ɗaukarta za su yi, gobe ta dawo. Ka gaya mini wanda zan yi."

Na kama hannun Mama na fara buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ƙayoyin masu ƙugiya sun shige, sai da na murɗa kowace baya kafin ta fito, yadda nake cire tsohuwar ƙusa daga dunduniyar takalmi. Tana ƙoƙarin sake damƙewa. Na ce mata ta saki, ba jefarwa zan yi ba. Ta dube ni, sannan yatsun suka yi laushi.

Baffa ya iso yana jan ƙafa. Ya fara koya mini yadda ake jero kirarin, wanne ke gaba, wanne ke biye. Na ce na sani, a gidan aka haife ni. Ya ce in na fara, ko wuta ta kama kada in waiwaya, ko Fasto na gani kada in gaishe shi. Su za su jira ni a gindin matakala, in na fito in wuce kawai, za su biyo. Na ba shi jakar. Na ba shi wayata ma, don na san halin hannuna in ta yi ƙara.

Jirgin da ya shigo yana tsaye, ƙofofinsa a buɗe, ya kusa cika. Na shiga na ɗaga reshen sama kada ya kama kowa, mutane suka dare mini. Na sami kujera biyu a jikin gilashi, na zauna a ta waje, na jingina reshen a ta ciki. Wani mai jakar kwamfuta ya tsaya a kaina ya tambaya ko da mutum a nan. Na dube shi ban ce komai ba, ya matsa gaba. Ƙararrawa ta yi kuka, ƙofofi suka haɗe. Ban duba ta taga ba.

Jirgin ya ja. Fitilun tasha suka wuce ɗaya bayan ɗaya, sannan gilashin ya yi baƙi, ƙarar ta taso ta cika kunne. Na buɗe baki in fara da Mbatha da Shandu kamar yadda aka tsara, sai na fasa. Na matsa da bakina kusa da gilashin, na ɗaga murya yadda za ta fi ta jirgin, har na gaba suka juyo.

"Zakhele. Kai, Zakhe. Bishop ne. Yamma ta yi, Mama tana jira ba ta ci komai ba. Duk inda kake a nan, taso, ga wuri na riƙe maka."